Shingen Ruwa a Tseren Dawaki: Ƙaramin Tsalle, Babbar Illa

A filin tseren dawaki na Aintree da ke kusa da Liverpool a Ingila, inda ake yin gasar Grand National duk watan Afrilu, akwai shinge 16 a kan hanyar dawaki. Ana zagaya filin sau biyu, amma tsalle 30 ake yi, domin biyu daga cikin shingayen sau ɗaya kawai ake haye su. Biyun nan maƙwabtan juna ne, kuma a gaban rumfunan 'yan kallo suke. Na farko shi ne wanda suke kira The Chair, mafi tsayi a filin, ƙafa 5 da inci 2, ga kuma rami mai faɗin ƙafa 6 a gabansa. Da doki ya sauka daga wannan, bai gama numfasawa ba sai ya tarar da na biyun, wanda tsayinsa bai kai ƙafa 3 ba, mafi gajarta a duk filin. Abin da ke bayan gajeren shingen shi ne matsalar: shimfiɗaɗɗen ruwa, wanda idan aka haɗa shi da kaurin shingen sai doki ya yi tsallen da ya doshi mita 4 kafin ya taka busasshiyar ƙasa.

Wannan shi ne shingen ruwa, kuma an daɗe ana jayayya a kansa tsakanin mahaya, masu horar da dawaki, likitocin dabbobi da masu rajin kare haƙƙin dabbobi. Wasu na cewa a cike shi da ƙasa a huta. Wasu na cewa shi ne mafi sauƙi a cikin shingaye, kuma ba shi ke kashe dawaki ba. Abin da ya sa maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa shi ne, kowane ɓangare yana da gaskiya a kan abin da yake ƙirgawa.

Mu da muka saba da sukuwa a fili ɗaya miƙaƙƙe, sai mun fara sanin inda wannan irin tsere ya samo asali. Ana danganta shi da ƙasar Ireland, inda a 1752 wasu mutum biyu, Cornelius O'Callaghan da Edmund Blake, suka yi tsere daga cocin garin Buttevant zuwa cocin Doneraile, tazarar mil huɗu da 'yan kai, suna hangen hasumiyar cocin suna nufarta. Duk abin da suka tarar a hanya sai su tsallake shi: shingen gona, katangar dutse, kwazazzabo, rafi. Da aka mayar da wasan cikin killataccen fili domin jama'a su biya su kalla, sai aka kwaikwayi abubuwan nan na karkara. Shingen ruwa kwaikwayon rafi ne. A Aintree ma, a shekarun farko bayan soma gasar a 1839, katangar dutse ce a wurin, daga baya aka musanya ta da ruwa. Ba banza ba aka ajiye shi a gaban manyan baƙi, kamar yadda yake a filin Newbury da kuma filin Auteuil na birnin Paris. Doki a miƙe cikin iska, inuwarsa a kan ruwa, abin kallo ne, kuma masu ɗaukar hoto sun daɗe da sanin haka.

To mece ce illarsa, alhali ruwan ma ba shi da zurfi, 'yan inci ne kawai a filayen Birtaniya na yau?

Sai an duba yadda doki ke tsalle. Dokin tsere yana da nauyin kilo 500 ko kusa da haka, kuma yana isowa shinge da gudun da ya kai kilomita 45 zuwa 50 a awa. Yana tashi da ƙarfin ƙafafun baya, ya naɗe na gaba, sannan ya sauka a kan na gaban, ɗaya bayan ɗaya, na bayan su biyo. A shingen da aka saba, abin da ake nema a wurinsa shi ne ya yi sama. Yana ganin tsayin abin tun daga nesa, yana daidaita takunsa. A shinge mai rami ma, ramin a gaba yake, da katako a bakinsa, doki na ganinsa ya tashi da wuri. Shingen ruwa kuwa ya juya lissafin. Abin da ke tsaye a gaban doki ƙarami ne, yana nuna masa aikin ba shi da yawa, ainihin aikin kuma yana kwance a baya, a shimfiɗe daidai da ƙasa, yana ƙyalli. Abin da ake so shi ne tsalle mai tsawo, kuma mahayi ne ya fi dokin sanin haka, shi ya sa za ka ga yana matsa masa da ƙafa tun saura taku kaɗan. Idan dokin ya gaji, ko ya tashi da nisa sosai, ko wani doki ya tare masa gani, sai tsallen ya gaza da taki ɗaya. Ƙafafun gaba su tsira su taka ciyawa, na baya su faɗa cikin ruwa su daki gaɓar da ke ɗaya gefen, alhali gangar jiki na ci gaba da gudu. Duk wanda ya taɓa tsallake lambatu da gudu, ƙafarsa ta baya ta kama bakin siminti, ya san yadda abin ke fizgar kwankwaso. A doki nauyin ya ninka sau da yawa, gudun ma haka. Abin da ke ɗaukar fizgar shi ne gadon baya, ƙugu da gaɓoɓin ƙafafun baya.

Karaya a irin waɗannan wurare, ga doki, sau da yawa hukuncin kisa ce. Doki ba ya iya kwanciya makonni yana jinya kamar mutum, nauyinsa zai danne masa huhu da hanji. Idan kuma ya tsaya a kan ƙafa uku, sai lafiyayyar ƙafar da ke ɗauke da nauyin ta kamu da kumburin cikin kofato, ciwo mai tsananin azaba. Haka ya faru da Barbaro a Amurka, wanda ya karye a tseren Preakness a 2006. An kashe dukiya mai yawa wajen yi masa aiki, amma ciwon kofaton ya ci ƙarfinsa, aka yi masa allurar mutuwa a Janairun 2007. Shi ya sa idan doki ya faɗi a fili bai tashi ba, aka ga ma'aikata sun ruga da koren labule sun kewaye shi, 'yan kallo kan yi tsit. Sun san abin da zai iya biyo baya.

Masu kare shingen ruwa suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa a je a ƙirga dawakan da ke faɗuwa a kowane irin shinge, za a ga na ruwa ne ya fi ƙarancin kayarwa. Tarihin Grand National ma yana goyon bayansu. Wuraren da suka yi ƙaurin suna wajen halaka dawaki su ne irin shingen Becher's Brook, inda ƙasar sauka ta fi ta tashi gangara, inda dawakai biyu, Brown Trix da Seeandem, suka mutu a 1989 har aka gyara wurin. A 2011 Ornais da Dooneys Gate suka mutu. A 2012 According to Pete da Synchronised, wanda wata ɗaya kafin nan ya ci Kofin Zinare na Cheltenham, suka bi su. A 2019 Up For Review ya mutu a shingen farko, haka ma Hill Sixteen a 2023, ranar da masu zanga-zanga na ƙungiyar Animal Rising suka kutsa filin suka jinkirta tseren. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ruwa ya kashe. Mahayi ɗaya tilo da ya rasa ransa sakamakon faɗuwa a wannan gasa, Joseph Wynne a 1862, a wurin da The Chair yake ya faɗi.

Suna da hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko zurfi. A ganinsu gudu ne ke kisa, kuma duk abin da ya sauƙaƙa hanya yana ƙara gudu. Idan shingaye suka zama iri ɗaya, masu laushi, doki ya daina shakkarsu, mahayi ya daina ja masa linzami, sai a riƙa afka musu da saurin tseren fili. Shinge mai fasali daban yana tilasta wa doki ya nutsu ya duba. Mahaya da yawa ma suna ɗaukar shingen ruwa a matsayin wurin da doki ke ɗan samun sauƙi, tunda ba ya buƙatar ɗaga jikinsa sama sosai. Wannan magana ba ta da saurin karyatuwa. Bayan mace-macen 2011 da 2012, a 2013 aka cire katakon da ke cikin shingayen Aintree aka sa roba mai lanƙwasuwa, kuma tun daga lokacin ake ta muhawara kan ko sauƙin ya sa ana afka wa shingayen farko da gudun da ya wuce kima. Gyaran 2024 ya nuna hukumar filin ta ɗauki batun gudun da muhimmanci: an rage yawan dawaki daga 40 zuwa 34, an matso da shingen farko kusa da wurin tashi da yadi 60 domin kada su gama ɗaukar wuta kafin su isa gare shi.

Duk da haka, ni ban gamsu cewa ƙirgar faɗuwa ta wanke shingen ruwa ba, kuma dalilina yana cikin yanayin raunin da aka bayyana a sama. Dokin da ya daki dogon shinge yana kifewa a idon kowa, a rubuta cewa ya faɗi a shinge na kaza. Dokin da ya jefa ƙafafun baya cikin ruwa galibi ba ya faɗuwa. Zai yi tangaɗi, ya murmure, ya ci gaba da gudu, domin zafin tsere yana danne ciwo. Bayan shinge biyu ko uku mahayi ya ji tafiyar ta sauya ya tsayar da shi, ko kuma sai washegari da safe mai kula da barga ya ga ya kasa juyawa a ɗakinsa. A takardar sakamako za a rubuta an janye shi, ko ma ya kammala tsere a na baya. Ruwan ya fita daga lissafi ke nan. Wanda ya ce shingen ruwa ba ya kayar da doki ya faɗi gaskiya, amma ya amsa wata tambaya ce daban. Tambayar ita ce yawan dawakan da yake nakasawa, da girman nakasar idan aka auna ta da girman kuskuren.

A nan ne, a ganina, shingen ya faɗi jarrabawa. Kowane shinge a tsere ana ajiye shi ne domin ya tantance gwani. Dogon shinge yana gwada ƙarfin tashi da iya daidaita taku. Mai rami yana gwada ƙarfin zuciya. Shingen ruwa fa? Masu kare shi da kansu suna cewa kusan kowane doki yana haye shi ba wahala, wato ba ya raba gwani da ɗan koyo, ba ya sauya sakamakon tsere sai nadiran. A Grand National ma a ƙarshen zagayen farko ake tsallake shi, tun tseren bai ɗauki zafi ba. Abin da bai tantance kowa ba, amma ranar da aka yi kuskuren taki ɗaya a kansa yana iya karya bayan doki, mene ne amfanin ajiye shi in ba don kyan hoto ba? Ana iya karɓar haɗari idan shi ne ƙashin bayan wasan. Haɗarin da aka ajiye domin ƙawa yana da wuyar karewa, musamman da yake wanda ke ɗaukarsa bai zaɓa ba.

Wannan batu na zaɓi yana fitowa fili idan aka dubi 'yan adam. A wasannin guje-guje akwai tseren mita 3,000 mai shingaye, wanda 'yan Kenya suka daɗe suna mamayewa, kuma shi ma yana da ramin ruwa mai tsawon mita 3.66 da ake tsallakewa sau 7. Amma ɗan tseren ya san tsawon ramin, ya san inda ya fi zurfi, ya yi atisaye a kansa, yana taka kan katakon ya tura jikinsa, kuma yana sane yake sauka da ƙafa ɗaya cikin ruwa. Doki bai karanta ma'auni ba. Abin da idonsa ya ba shi da abin da mahayi ya gaya masa da ƙafa da linzami, su ne kaɗai jarinsa.

Idon doki kuwa ba irin namu ba ne, kuma an daɗe ana gina filayen tsere ba tare da la'akari da hakan ba. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, amma yankin da idanun biyu ke haɗuwa su auna nisa ƙunci gare shi, kuma abin da ke dab da ƙasan hancinsa ɓace masa yake yi. A taku na ƙarshe kafin tashi, da abin da ya riga ya gani yake aiki. Launi ma iri biyu idonsa ke rarrabewa, ba uku irin na mutum ba. Shekara da shekaru ana shafa wa katakon gindin shingaye ruwan lemo domin ya fito fili, sai binciken Jami'ar Exeter ya nuna cewa launin yana sajewa da ciyawa a idon doki, fari da rawaya da shuɗi sun fi fitowa. A 2022 aka fara mayar da alamomin fari a filayen Birtaniya. Idan har launin fenti ya ɗauki wannan tsawon lokaci kafin a tambayi yadda doki ke ganinsa, ina ga shimfiɗar ruwa da ke sauya kama da rana, da hadari, da iska?

Akwai labarin da ba a raba shi da wannan shinge, ko da yake dokin bai tsallake shi a lokacin ba. A 1956 Devon Loch, dokin mahaifiyar Sarauniya Elizabeth, wanda mahayi Dick Francis ke kansa, ya haye shinge na ƙarshe yana gaba da kowa. Saura kimanin yadi 40 ya kai layi, daidai inda hanya ke wucewa ta gefen shingen ruwa, sai ya zabura kamar zai yi tsalle, ya baje a kan cikinsa. Wani doki mai suna ESB ya wuce ya ci. An kawo dalilai iri-iri, daga ɗaurewar jijiya zuwa ihun jama'a, kuma ɗaya daga cikin waɗanda aka fi maimaitawa shi ne ya hango shingen ko inuwarsa ta gefen ido ya zaci a gabansa yake.

Faransawa za su ce duk wannan tsoro ne na Ingilishi. A Auteuil, inda ake yin Grand Steeple-Chase de Paris tun 1874, shingen ruwan da ke gaban rumfuna yana neman tsallen da ya kai mita 8, ninki biyu na na Aintree, kuma dawakansu na haye shi. Gaskiya ne. Sai dai dokin tsalle a Faransa tun yana ɗan shekara uku ake saba masa da shingaye masu fasali dabam-dabam, ruwa na cikin karatunsa na yau da kullum. A Birtaniya kuwa ba kowane fili ke da shingen ruwa ba yanzu, wasu sun cike nasu. Wannan ya haifar da wani yanayi da ban ga ana yawan tattauna shi ba: doki zai iya yin tsere da dama bai haɗu da ruwa ba, sannan ya tarar da shi a babbar rana, cikin cunkoso, da gudu mafi tsanani. Rabin cirewa na iya fin barin duka haɗari. Ko dai a riƙe shi a ko'ina a tilasta horo a kansa, ko a kawar da shi, kuma tunda amfaninsa a tsere kaɗan ne, na biyun ya fi sauƙin karewa.

Akwai hanyar tsakiya, kuma an riga an kama ta. An rage zurfin ruwan, an kwantar da gaɓar sauka ta zama gangara mai sauƙi, ana shimfiɗa abu mai laushi a ƙasansa domin kofato ya samu abin kamawa. A Pardubice ta Jamhuriyar Cek ma, inda ramin Taxis, wanda busasshe ne, ya halaka dawaki fiye da 20 tun 1874, rage zurfinsa aka yi maimakon cire shi. Irin wannan gyara yana rage illa sosai. Amma idan aka bi shi har ƙarshe, aka daidaita ruwan da ƙasa ta yadda dokin da ya gaza zai taka ya wuce ba abin da ya same shi, to an riga an yarda cewa ramin ne matsalar, abin da ya rage ado ne kawai. Ni ba ni da ja da wannan adon. Ja na da gaɓa mai tauri ne da ke jiran ƙafar baya.

Abin da nake tsoro shi ne a bar jaki ana dukan taiki. Shingen ruwa abu ne mai sauƙin sadaukarwa: a cike shi, a fitar da sanarwa, a ce an saurari koken jama'a, sauran abubuwa su ci gaba yadda suke. Alƙaluman Hukumar Tseren Dawaki ta Birtaniya sun nuna cewa a cikin kowane fita tsere 1,000 ana rasa kimanin doki 2, kuma a tseren tsalle adadin ya kusa ninka haka. Ƙungiyar Animal Aid tana rubuta sunan duk dokin da ya mutu a filayen ƙasar tun 2007, kuma jerin ya haura dubbai. Mafi yawan waɗannan ba su da alaƙa da ruwa. Tauraren ƙasa a lokacin rani, cunkoso, dokin da aka sa a tseren da ya fi ƙarfinsa, mahayin da ya ƙi tsayar da gajiyayyen doki domin kuɗin matsayi na huɗu ko na biyar, tsohon rauni da ba a gano ba kafin tsere, su ne manyan masu laifi. A Ostireliya haƙurin jama'a ya ƙare gaba ɗaya a wasu jihohi: New South Wales ta haramta tseren tsalle a 1997, Kudancin Ostireliya ta bi sahu a 2022, Victoria kaɗai ta rage. Waɗanda suka yanke wannan hukunci ba su tsaya tantance wane shinge ne ya fi wani ba.

Masu son wasan ya ɗore a Birtaniya da Faransa suna da aiki a gabansu wanda ya fi muhawara. Duk dokin da aka ga ya jefa ƙafa cikin ruwa, likitan dabbobi ya duba shi bayan tsere, a sake duba shi bayan kwana biyu, a rubuta abin da aka gani da sunan shingen, ko ya faɗi ko bai faɗi ba. A fitar da wannan lissafi fili, shinge bayan shinge, fili bayan fili, domin mai doki da mai horarwa su san inda suke tura dabbarsu. Kafin a kammala wannan, filin da ya nace sai ya riƙe ruwansa, to ya daidaita shi da ƙasa, ya cire gaɓar, kuma kada a bar dokin da bai taɓa horo a kan ruwa ba ya fara haɗuwa da shi ranar tsere.